Digiri Na Biyu Ko Takardar Ƙwarewa? Nasiha Ga Matasan Kafinsoli

'Ya'yana, maza da mata, na Kafinsoli da Kankiya da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye da mu.

Akwai tambayar da ta yawaita a bakin waɗanda suka gama jami'a ko kwalejin fasaha a cikinku, musamman masu sha'awar tafiyar da ayyuka, wato jagorantar gini ko hanya ko shirin raya karkara tun daga tsara shi har ranar da za a miƙa shi ga masu shi. Tambayar ita ce: "Baba, na gama bautar ƙasa. In koma in yi digiri na biyu ne, ko in nemi ɗaya daga cikin takardun ƙwarewar nan da ake ta magana, irin su PMP?" Wasunku da kansu suke zuwa, wasu kuma iyayensu ne ke tambaya a madadinsu, domin su ne za su fitar da hatsi ko su kai rago kasuwa a biya kuɗin. Magana ce da ba ta yiwuwa a tsaye, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku ita a tsanake.

Ku fara sanin cewa na yi farin ciki da wannan sha'awa taku, don ƙasarmu tana matuƙar buƙatar masu wannan fanni. Ku dubi madatsar ruwa ta Zobe da ke nan maƙwabtanmu, a ƙasar Dutsinma. An kammala gina ta a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, da niyyar ta shayar da garuruwa ta kuma raya noman rani. Ruwa ya taru, amma aikin tace shi da tura shi cikin bututu zuwa ga jama'a sai ya yi ta jan ƙafa. Gwamnati ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin. Shekara 38 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama madatsar ya girma ya yi aure, har 'ya'yansa sun shiga sakandare, kafin a kai ga wannan rana. Ku dubi kuma injinan samar da lantarki da iska na Lambar Rimi, a kan hanyarmu ta zuwa Katsina. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka yi tunaninsu, megawat 10 kacal, amma aikin ya ci fiye da shekara goma, har da tsaikon da aka samu bayan sace wani injiniya Bafaranshe a ƙarshen 2012.

Babu ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka da ya rasa masu manyan takardu a teburinsa. Abin da ke kwantar da aiki a wurinmu sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a filin aiki. Ana sa kuɗi a kasafi amma ba a sake su a kan kari. Farashin siminti da rodi ya tashi kafin a kai rabi, ƙiyasin farko ya zama tarihi. Sabuwar gwamnati ta zo da nata buri. An fara tona kafin a biya masu gonaki diyya. An gama gini ba a tanadi wanda zai kula da shi ba. Mai tafiyar da aiki shi ne wanda ake ɗora wa hango waɗannan tun kafin su auku, ya raba aikin gida-gida, ya san wanne ne ba ya yiwuwa sai an gama wanne, ya san cewa in bai zuba kwalbati kafin damina ba to sai kaka, ya iya zama da ɗan kwangila da mai unguwa da akawun ma'aikata kowa ya tashi ya san abin da ke kansa. Ya kuma iya cewa a'a, cikin ladabi, ga wanda ya girme shi a ofis. Duk takardar da za ku nema, ku auna ta da wannan: za ta ƙara mini iya waɗannan abubuwa, ko za ta sa a yarda a ba ni damar yin su?

To, mu duba takardun biyu.

Digiri na biyu kun san shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da digiri na biyu a wannan fanni, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe guda na koyar da shi, ga kuma kwasa-kwasan gudanarwa irin su MBA a makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero a Kano. A takarda, karatun shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu: darussa, sannan bincike da rubuta kundi. A zahiri yakan zarce haka. Kun ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas. Ko babu yajin aiki, jiran malami ya duba babi da jiran ranar kare kundi suna da nasu lokaci. Amma abin da digirin ke bayarwa ba ƙarami ba ne. Yana koya wa mutum karanta rahoto mai kauri ya fito da abin da ke ciki, ya tattara bayanai ya tantance su, ya yi rubutu mai hujja. Yana haɗa mutum da malamai da abokan karatu waɗanda gobe su ne daraktoci. Kuma in ka same shi ka same shi ke nan, ba ya tsufa, ba a sabunta shi.

Takardar ƙwarewa kuwa ba jami'a ke ba da ita ba, ƙungiyar masu sana'ar ce. Wadda ta fi suna ita ce PMP, ta cibiyar PMI da aka kafa a Amurka a 1969, ta kuma fara ba da wannan takarda a 1984. Jarrabawa ce guda ɗaya, tambayoyi 180, ana zama kusan awa huɗu a gaban kwamfuta. Yawancin tambayoyin ba na hadda ba ne. Za a kawo maka hali: ga aiki ya makara, ga mai aikin ya ce a ƙara wani abu da ba ya cikin yarjejeniya, ga biyu daga cikin mutanenka ba sa ga maciji, me za ka fara yi? In ka ci, takardar tana aiki shekara uku, sannan sai ka nuna ka yi awa 60 na ƙarin ilmi kafin a sabunta maka. Akwai kuma PRINCE2, wadda ta samo asali daga gwamnatin Ingila a 1996, mai mataki na farko da na biyu. A nan gida akwai cibiyar CIPMN, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 2018.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe daga duk wannan rubutu. PMP ba ta buɗe wa wanda ya fito daga bautar ƙasa jiya ba. Sharaɗin shiga jarrabawar ga mai digiri shi ne ya kasance ya jagoranci ayyuka na tsawon wata 36, ya kuma yi awa 35 na horo a fannin. Wanda ba shi da digiri, sai wata 60. Ke nan da yawa daga cikin masu yi mini wannan tambaya ba su ma iso mararrabar ba tukuna. Suna ta wasiwasi tsakanin abu biyu, alhali ɗayan ba a ba su shi ko da kuɗinsu a hannu. Shi kuma digiri na biyu, ko da yake zai karɓe ka ba tare da ka taɓa aiki ba, wanda ya yi shekara biyu ko uku yana fama da leburori da 'yan kwangila ya fi cin moriyarsa nesa ba kusa ba. In malami yana bayanin yadda ake lissafin haɗari a aiki, shi yana tuna motar yashi da ta kafe a laka ranar da ake zubin kankare, abokinsa kuwa kwafe allo kawai yake yi. Ko tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Ingila ke bayarwa don yin digiri na biyu a can, sai mutum ya yi aiki na shekara biyu yake iya nema. Mu manoma ne, bari in faɗa muku da harshenmu: digiri kamar taki yake, takardar ƙwarewa kuma kamar mudu, ɗaya yana ƙara yabanya, ɗaya yana auna abin da aka girbe, amma duk biyun ba su da amfani ga wanda bai yi shuka ba.

Saboda haka aiki ne farko. Na san abin da za ku ce: "Baba, ina aikin yake?" Tambaya ce ta gaskiya, ba kuma zan yi muku daɗin baki ba. Aikin ofis mai albashi ya yi ƙaranci. Amma aikin da ake koyon wannan sana'a a cikinsa bai ƙare ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya ratsa jiharmu ta Daura da Katsina da Jibiya. Ga faɗaɗa hanyar Kano zuwa Katsina da ta bi ta Kankiya. Ga shirye-shiryen da Bankin Duniya ke tallafawa, irin su AGILE na karatun 'yan mata, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da aka fara da su, da ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da yaƙi da zaizaya. Ga ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya da abinci mai gina jiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙananan 'yan kwangila, yana buƙatar mai riƙe sito, mai ɗaukar bayanai a ƙauyuka, mai rubuta rahoton mako. Kada ɗayanku ya ce wai shi mai digiri ne, ya fi ƙarfin ƙirga buhunan siminti. Wanda ya riƙe sito shekara guda ya san ta inda kaya ke zurarewa, kuma wannan sani zai yi masa amfani ranar da ya zama shugaba.

Mu da muka ga zamanin shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 tare da na Gusau da na Gombe da tallafin Bankin Duniya, mun ga yadda aka yi. An ɗauki samari a matsayin malaman gona da akawuna da masu kula da rumbunan taki. A cikin aikin suka koyi tsara jadawali da rubuta rahoto da lissafin kaya. Daga baya aka riƙa tura masu hazaƙa ƙaro karatu, suka dawo suka riƙe manyan kujeru a hukumomin noma na jihohi, har da KTARDA bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Takardar ta zo ta tarar da hannu ya riga ya faɗa.

In ma ba a samu waɗancan ba, ku duba cikin gari. Ƙungiyar ci gaban gari tana son haƙa rijiyar burtsatse. Kwamitin makaranta yana son gyara azuzuwa biyu da iska ta yaye wa rufi. Ƙungiyar manoma tana son sayen taki a dunƙule ta raba kafin ruwan shuka. Jama'ar unguwa suna son faɗaɗa masallaci. Kowanne aiki ne mai farko da ƙarshe, mai kuɗi ƙayyadaddu, mai mutane masu ra'ayi daban-daban. Ka je ka ce wa dattawan, "Ku ba ni in tsara muku." Ka rubuta ƙiyasi, ka zana jadawali, ka nemo farashi daga wuri uku, ka ajiye rasit, ka karanta wa jama'a lissafi a bainar kowa. Wallahi wanda ya gama rijiya ɗaya a garinsu, cikin kuɗin da aka tara, ba tare da an yi tsegumi a kansa ba, ya ci jarrabawar da ta fi ta kwamfuta wuya. Abin lura dai shi ne, cibiyoyin da ke ba da takarda suna da ƙa'idarsu game da irin aikin da suke ƙirgawa, don haka ku karanta sharuɗɗansu da kanku. Amma ko ba su ƙirga wannan ba, shi ne zai buɗe muku ƙofar aikin da za su ƙirga.

Kuma tun daga ranar farko ku sayi littafi ku riƙa rubutawa. Sunan aiki, ranar farawa da ranar gamawa, nawa aka kashe, mutum nawa ke ƙarƙashinka, mene ne naka a ciki, wane ne shugabanka kuma ina za a same shi. In aiki ya ƙare, ka roƙi takardar shaida tun shugaban yana nan, tun bai manta da fuskarka ba. PMI takan zaɓi wasu daga cikin masu nema ta ce su kawo tabbacin aikin da suka ce sun yi, da sa hannun shugabannin da suka yi aiki a ƙarƙashinsu. Shirye-shiryen tallafi kuwa suna da wa'adi, in wa'adin ya cika a rufe ofis kowa ya kama gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin waɗannan shekaru na farko akwai ƙananan takardu da suka dace da aljihunku da matsayinku. CAPM, ƙanwar PMP ce daga cibiya ɗaya, ba ta neman ka taɓa aiki, takardar sakandare da awa 23 na horo sun isa, kuma mai ita ba ya sake yin awa 35 ɗin nan in ya tashi neman PMP. Matakin farko na PRINCE2 ma ba ya neman gogewa. Ga masu son aiki da ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa, akwai Project DPro, wadda aka tsara musamman domin irin wannan aiki. Littafinta kyauta ne a intanet, kuɗin jarrabawarta kuma bai kai na PMP ko kusa ba. Ni a ganina, ga yaro ko yarinyar da ke nan yankinmu, wannan ta fi kusa da ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa. Akwai kuma horon sayen kaya da ba da kwangila bisa doka da ake yi a ƙarƙashin shirin SPESSE, wanda Jami'ar Ahmadu Bello na cikin cibiyoyinsa shida a ƙasar nan. Wanda ya san dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ciki da bai, ba zai rasa mai nemansa ba a ma'aikatu da ƙananan hukumominmu 34.

Mu zo ga kuɗi, don a nan ne hawayen iyaye ke zuba. Jarrabawar PMP da dala ake biyanta, sama da dala 400, ban da kuɗin horo da littattafai. Tun da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan farashi, kuɗin jarrabawar kaɗai ya wuce naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. In ka faɗi, sai ka sake biyan wani kuɗin kafin ka sake zama. Shi kuma digiri na biyu, kuɗin rajista ne kawai ake gani a takarda. Ba a rubuta kuɗin ɗaki a Samarun Zariya ba, ba a rubuta kuɗin mota daga Kankiya zuwa Zariya da dawowa ba, da na buga kundi, da na zuwa tattara bayanai. Babban kuɗin ma shi ne shekara biyu ko uku da ka cire daga neman na kanka. Daidai ruwa daidai tsaki. Ina roƙonku da girman Allah kada ku sa a sayar da gona saboda ɗaya daga cikin takardun nan. Dabba in an sayar ana mayar da ita, amma gonar gado in ta fita daga gida da wuya ta dawo, kuma ƙannenku suna da haƙƙi a cikinta. Wanda ya shiga aiki ya nuna ƙwazo, sau da yawa wurin aikin ne ke biya masa horo ko jarrabawa. Malaman manyan makarantu suna da TETFund, masu fannin man fetur da injiniyanci suna iya neman tallafin PTDF. Takardar da wani ya biya maka saboda ya ga aikinka ta fi wadda aka ci bashi dominta albarka.

Kada ku ɗauka ina kushe digiri na biyu ne. Akwai waɗanda shi ne hanyarsu. Wanda Allah ya ba basirar koyarwa da bincike, yake burin zama malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ko Al-Qalam ko kwalejin Hassan Usman, PMP ba za ta ɗaga shi ko taki ɗaya a tsanin jami'a ba. A jami'a da digiri na biyu ake zama mataimakin lakcara, da na uku ake wucewa gaba. Irin wannan yaro, in sakamakonsa ya yi kyau, ya wuce kai tsaye tun ƙwaƙwalwa tana da zafi. Haka wanda ke hangen manyan kujerun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ko zama mai ba da shawara a shirye-shiryen Bankin Duniya, zai tarar tallan aikinsu yakan nemi digiri na biyu, ko da yake sau da yawa ana karɓar digiri na farko in an haɗa da ƙarin shekarun aiki. Wanda kuma ya karanta wani fanni daban, kamar tarihi ko harshe, yake son juyawa zuwa wannan, karatu mai tsari zai cike masa giɓin da gajeren horo ba zai cike ba.

Sai dai ku buɗe ido wajen cike fom. Digiri na biyu iri biyu ne a jami'o'inmu: na bincike, da na ma'aikata wanda akan yi a ƙarshen mako. Na biyun ya fi sauƙi ga mai aiki, ya kuma fi tsada, amma galibin jami'o'i ba sa barin mai shi ya wuce kai tsaye zuwa digiri na uku. Ku tambaya tun kafin ku biya. Masu babbar difloma ta HND da waɗanda sakamakonsu ya yi ƙasa kuma akan nemi su fara yin difloma ta gaba da digiri, wato ƙarin shekara guda da ƙarin kuɗi. Ga mai HND da ke cikin aikin gini, shawarata ita ce ya fara neman takardar ƙwarewa, domin ita ba ta rufe wa mai difloma ƙofa, aikinka take tambaya.

Wani abu da matasa ke mantawa: wanda ya karanta injiniyanci, rajistar COREN ita ce ke ba shi ikon sa hannu a matsayin injiniya a ƙasar nan. Magina suna da CORBON, masu zanen gini da masu ƙiyasin gini kowa da hukumarsa. PMP ba ta maye gurbin ko ɗaya daga ciki, digiri na biyu ma haka. Ka fara gyara matsayinka a sana'arka ta asali, sannan ka ɗora sauran a kai.

Zan ja kunnenku a kan abu biyu. Na farko, masu tallan horo sun yi yawa a WhatsApp da Facebook. Wani zai tara ku kwana uku a ɗakin taro, ya ba ku takarda mai zanen zinariya, ku fito kuna cewa kun yi PMP. Ba ku yi ba, takardar halartar horo ce aka ba ku. Ta gaskiyar sai an zauna jarrabawar cibiyar, kuma sunan wanda ya ci yana shiga rajistar da mai ɗaukar aiki zai iya dubawa a intanet. Na biyu ya fi wannan muni. Za a ce maka kawo kuɗi a rubuta maka ayyukan da ba ka yi ba don ka cika wata 36, ko a zauna maka jarrabawa, ko a rubuta maka kundin digiri. 'Ya'yana, ku guji wannan kamar yadda kuke gudun wuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in an gano ana soke takardar. Ko ba a gano ba, wannan sana'a ta riƙon dukiyar jama'a ce. Wanda ya shiga ta da ƙarya, ranar da ɗan kwangila ya ce a rage rodi a raba riba ba shi da bakin cewa a'a. Kuma ajin da aka rage wa rodi, 'ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashinsa. Addininmu ya haɗa iyawa da amana wuri guda in ana maganar wanda za a ba aiki, bai raba su ba.

Ku kuma 'yan matana, wannan magana taku ce kamar yadda take ta 'yan'uwanku maza. Shirye-shiryen lafiya da ilmi da tallafin mata suna neman mata masu ilmi da za su iya shiga gidaje su yi magana da iyaye mata, su kuma riƙe lissafi da rahoto. Waɗanda suka fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya sun riga sun san rigakafi da zagayen ƙauyuka, abin da ya rage musu shi ne sanin tsara kasafi da jadawali. Na san da yawanku aure da goyo ba za su bar ku ku tare a Zariya ko Kano shekara biyu ba. Takardar ƙwarewa tana da sauƙi ta nan, domin ana iya karatunta a ɗaki da waya ko kwamfuta, a fita rana ɗaya a yi jarrabawa. Mai son digiri kuma ta duba buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN da karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ina kira ga mazajenku da iyayenku su ba ku goyon baya, don amfanin gidan gaba ɗaya ne.

Ga 'yan'uwana iyaye, na san daɗin da ke cikin a ce ɗanka ya yi digiri na biyu. Amma kada mu tura yaro makaranta don kawai ya rasa abin yi, ko don ɗan maƙwabci ya tafi. In ya zo da maganar, ku tambaye shi: wane aiki kake nema da wannan takarda? Ya kawo muku tallan aiki guda goma na irin kujerar da yake buri, ku sa a karanta muku abin da suka nema. In yawancinsu digiri na biyu suka ambata, to hanya ta fito. In gogewa da takardar ƙwarewa suka ambata, ita ma ta fito. Wannan ɗan bincike ba ya cin ko sisi, kuma ya fi shawarar kowane dattijo, har da tawa.

Hukuncina dai ga mafi yawanku shi ne wannan. Ku shiga aiki kowane iri ne, ku haɗa da ƙaramar takarda mai sauƙin kuɗi. In kun cika shekara uku kuna jagorantar ayyuka, ku nemi PMP ko makamanciyarta. Digiri na biyu ya biyo baya, lokacin da kuka san tambayar da kuke son bincikawa, kuma in da hali lokacin da wani zai ɗauki nauyinsa. Masu burin koyarwa a jami'a su ne kawai zan ce su juya wannan tsari.

Wanda ya karanta wannan a cikinku kuma yake zaune ba aiki, ina roƙonsa kada watan nan ya ƙare bai je wurin shugaban ƙungiyar ci gaban garinsu ko kwamitin makarantar unguwarsu ya tambayi aikin da ya tsaya ba, ya ce a ba shi ya tsara. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama abin da kuka fara.